Injin Bincike na Gida a Cikin Burauza: Wa Yake Zaɓa wa Mai Waya?

Idan mutum ya buɗe burauza a wayarsa ko a kwamfutarsa ya rubuta tambaya a layin da ke sama, burauzar ba ita ce take nemo masa amsa ba. Aikinta shi ne ta ɗauki kalmomin da ya rubuta ta miƙa su ga injin bincike, shi kuma injin ya duba fihirisar da ya tara ta shafukan intanet, ya jero abin da yake ganin ya fi dacewa, ya maido wa burauzar ta nuna. Mutane da yawa ba sa rarrabe waɗannan abubuwa biyu, kuma akwai dalili: Chrome burauza ce, Google injin bincike ne, amma kamfani ɗaya ne ya mallake su, don haka mai amfani da su yana ganin kamar abu guda ne. Safari ta kamfanin Apple ce, Firefox ta Mozilla ce, Opera Mini da ta yi farin jini a Najeriya saboda rage cin data ta kamfanin Opera ce, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan ukun da ke da injin bincike na kansa wanda yake yawo a dukan intanet. Kowannensu sai ya zaɓi inda zai tura tambayar mai amfani da shi, kuma a mafi yawan ƙasashen duniya wurin da ake turawa shi ne Google.

Ana iya canza wannan zaɓi a cikin saituna cikin ƙanƙanin lokaci. Duk da haka, yawancin mutane ba sa taɓa shi har wayar ta tsufa. Akwai kuma wasu ƙasashe, 'yan kaɗan, inda miliyoyin mutane suka fi son injin bincike na gida, wanda aka gina da harshensu da bukatunsu, har ta kai ga sun matsa wa masu burauza da masu ƙera waya su ba shi gurbi. Labarin waɗannan ƙasashe shi ne yake bayyana abin da ke ɓoye a bayan ɗan maɓallin nan na saituna.

Rasha ce misalin da ya fi cika. An ƙaddamar da Yandex a watan Satumbar 1997, kafin ma a yi wa Google rajista a matsayin kamfani a 1998, kuma waɗanda suka kafa shi, Arkady Volozh da Ilya Segalovich, sun shafe shekaru suna aiki a kan manhajar da ke gane siffofin kalmomin Rashanci tun kafin su fito da injin. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a Rashanci suna ɗaya yana canza ƙarshensa gwargwadon matsayinsa a jimla, har hali shida, ban da jam'i da jinsi. Injin da aka gina da Turanci a zuciya zai ɗauki kowace siffa a matsayin kalma dabam, sai ya tsallake shafukan da ke da amsar saboda an rubuta kalmar da wani ƙarshe. Yandex ya san cewa dukan siffofin nan kalma ɗaya ce, kuma wannan ya ba shi rinjaye a shekarun da Google bai riga ya ƙware a harsunan da ba Turanci ba. Kafin Google ya cike wannan giɓi, Yandex ya riga ya ƙara taswira, da imel, da hasashen yanayi, da bayanin cunkoson motoci a Mosko, daga baya har da hayar tasi, ta yadda ɗan Rasha ya saba da shi a harkokinsa na yau da kullum.

Koriya ta Kudu ta bi wata hanya dabam, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar mai karatun Hausa ya tsaya ya dube ta da kyau. Lokacin da Naver ya fito a 1999 ƙarƙashin jagorancin Lee Hae-jin, matsalar ba ta nahawu kaɗai ba ce. Matsalar ita ce rubutun Koriyanci a intanet bai da yawa, don haka ko injin ya kai matuƙar ƙwarewa, babu abin kirki da zai nemo. Masu Naver suka fahimci cewa ba za su jira wasu su rubuta ba. A 2002 suka buɗe wani sashe na tambaya da amsa mai suna Knowledge iN, inda kowa zai iya jefa tambaya, wasu kuma su amsa, a ba waɗanda amsarsu ta gamsar maki. Tambayoyi a kan hanyar mota, da magani, da jarrabawa, da girki, da dokar haya suka taru har suka zama rumbu na miliyoyin amsoshi da Koriyanci. Aka ƙara dandalin rubutun ra'ayi da na ƙungiyoyi, duk a cikin gidan Naver, kuma tsawon shekaru kamfanin bai bar injunan waje su shiga su kwashi yawancin wannan rubutu ba. Sakamakon haka, ɗan Koriya da ya yi bincike a Google sai ya ga amsa ba ta kai ta Naver ba, ba don fasahar Google ta gaza ba, sai don abin da ake nema yana cikin shingen wani. Gwamnatin ƙasar ma ta taimaka ta wata fuska, domin ta daɗe tana hana fitar da cikakkun bayanan taswirar ƙasar zuwa waje bisa dalilan tsaro, kuma ta ƙi amincewa da buƙatar Google a kan haka a 2016, abin da ya bar taswirar Naver da ta Kakao a gaba wajen nuna hanya.

A China al'amarin ya haɗa da siyasa kai tsaye. Robin Li da Eric Xu sun kafa Baidu a shekarar 2000, kuma ya riga ya fi Google kasuwa a ƙasar tun kafin rikici ya ɓarke. A watan Maris na 2010 Google ya daina tace sakamakon bincike yadda hukumomin China suke so, ya karkatar da masu bincike zuwa shafinsa na Hong Kong, daga baya kuma aka toshe shi gaba ɗaya a babban yankin ƙasar. A nan ba za a ce mutane sun zaɓi na gida kawai ba, tunda an rufe ƙofar babban abokin gasa.

Jamhuriyar Czech ta fi su ban mamaki saboda ƙanƙantarta. Al'ummarta ba su kai miliyan 11 ba, amma Seznam, wanda Ivo Lukačovič ya kafa a 1996, ya riƙe matsayi na farko a ƙasar har wajen 2010, kuma har yanzu yana da injinsa mai yawo a shafuka da fihirisarsa. Abin da ya karya rinjayensa shi ne zuwan wayoyin Android, waɗanda suke isowa hannun mai saye da Google a kan fuskar allo da kuma cikin Chrome. A ƙarshen 2020 Seznam ya nemi Google ya biya shi diyya ta kimanin koruna (kuɗin ƙasar) biliyan 9 a kan wannan batu. Labarin Seznam ya nuna cewa injin gida yana iya yin nasara a kwamfuta, inda mutum yake rubuta adireshin da ya ga dama, sannan ya sha kaye a waya, inda wani ya riga ya tsara masa komai kafin ya buɗe kwali.

Dalilin da ya sa wannan tsari na farko yake da ƙarfi haka ya fito fili a shari'ar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar a kan Google a 2020. A zaman kotun da aka yi a Washington a 2023 aka bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya, da masu burauza, da kamfanonin sadarwa domin ya zama injin da aka kafa tun farko. Kaso mafi tsoka Apple ne yake samu: kimanin dala biliyan 20 a 2022, kuma wani shaida ya faɗa a gaban kotu cewa Apple yana karɓar kashi 36 cikin 100 na kuɗin tallar da Google ya samu daga binciken da aka yi ta Safari. Mozilla ma, wadda take tallata kanta a matsayin mai kare 'yancin masu amfani da intanet, fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigarta daga irin wannan yarjejeniya da Google yake fitowa. Hujjar da Google ya kafa ita ce mutane suna amfani da shi ne saboda ya fi kyau, kuma canzawa ba ta da wuya. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin ingancinsa ba abin musu ba ne. Sai dai tambayar da ta rage ita ce: idan inganci kaɗai ya isa, me zai sa kamfani ya riƙa zubar da wannan maƙudan kuɗi kowace shekara? Duk ɗan kasuwa ya san rumfar da ke bakin ƙofar kasuwa ta fi ta can ciki tsadar haya, ko da kayan iri ɗaya ne, saboda mai saye yakan tsaya inda ƙafarsa ta fara kai shi.

A ranar 5 ga Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike kuma ya kare babakeren ta hanyar da ta saɓa wa doka. Hukuncin ya ambaci cewa a 2020 kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka ta Google yake bi, a waya kuma kusan kashi 95. Bayanin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne yadda abin yake juyawa yana ciyar da kansa: wanda aka kafa tun farko shi ke samun tambayoyi mafi yawa, yawan tambayoyi yana koya wa injin abin da mutane suke nufi da kuma amsar da suke latsawa, wannan yana ƙara ingancinsa, inganci yana jawo masu talla, kuɗin talla kuma shi ake sake sayen matsayin farko da shi. Ƙaramin injin gida da aka bari a waje ba asarar masu amfani kaɗai yake yi ba, yana asarar darasin da zai koya daga gare su. A watan Satumbar 2025 alƙalin ya faɗi matakan gyara: bai tilasta wa Google ya sayar da Chrome ba, bai kuma hana biyan kuɗin ba, amma ya hana yarjejeniyar da ke rufe wa wasu ƙofa gaba ɗaya, ya kuma umarci Google ya ba wasu abokan gasa damar samun wani ɓangare na bayanan fihirisarsa.

Tun kafin Amurka ta kai nan, wasu ƙasashe sun gwada wani magani da ake kira allon zaɓi, wato a lokacin da mutum yake saita sabuwar waya ko yake buɗe burauza a karon farko, a nuna masa jerin injuna a ce ya zaɓa da kansa. Yandex ne ya kai ƙarar Google gaban hukumar hana babakere ta Rasha a farkon 2015, hukumar ta sami Google da laifi a wannan shekarar, ta ci shi tarar rubul miliyan 438 a 2016, kuma a watan Afrilun 2017 aka yi sulhu wanda ya tilasta nuna allon zaɓi a wayoyin Android na ƙasar. Cikin 'yan shekaru kason Yandex a waɗannan wayoyi ya haura rabi. Tarayyar Turai ta bi sawu: a watan Yulin 2018 ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 a kan yadda yake ɗaure masu ƙera wayar Android da sharuɗɗa, kotu ta rage ta zuwa biliyan 4.125 a 2022, kuma daga watan Maris na 2020 aka fara nuna allon zaɓi a Turai. Da farko Google gwanjo ya riƙa yi, sai injin da ya fi biya yake samun ɗaya daga cikin guraben uku da ke gefen nasa, abin da ƙananan injuna suka yi ta kuka a kai har aka soke biyan kuɗin a 2021. Daga baya dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar, wadda ta fara aiki a kan manyan kamfanoni a watan Maris na 2024, ta faɗaɗa tsarin har ya shafi zaɓin burauza a iPhone. Indiya ma ta ci Google tara a watan Oktoban 2022, kuma a farkon 2023 kamfanin ya sanar cewa zai bar masu sabuwar wayar Android a ƙasar su zaɓi injin da suke so.

Abin lura shi ne magani ɗaya ya yi aiki a Rasha, amma a yawancin ƙasashen Turai bai motsa kasuwa ba sai kaɗan ƙwarai. Bambancin ba a tsarin allon yake ba. Ɗan Rasha da aka nuna wa suna biyu ya san Yandex tun yana yaro, ya san abin da zai samu a can, don haka allon ya ba shi dama ne ya koma ga abin da dama yake so. Bafaranshe ko Bajamushe da aka nuna wa jerin sunaye da bai taɓa jin yawancinsu ba, sai ya latsa wanda ya sani ya wuce. Doka tana iya buɗe ƙofa, amma ba ta iya ƙirƙirar injin da mutane suka riga suka amince da shi.

Sannan ba duk injin da ke ɗauke da suna na gida ba ne yake da fihirisa tasa. Gina fihirisa yana nufin a saki manhajoji masu yawo su bi shafuka biliyoyi, su kwafe su, su koma akai-akai don ganin abin da ya canza, a tace shara da damfara, a ajiye komai a manyan cibiyoyin kwamfuta masu cin wuta da kuɗi. Waɗanda suke yin wannan da kansu a faɗin duniya ba su da yawa: Google, da Bing na Microsoft, da Yandex, da Baidu, da Naver, da Seznam, da wasu ƙanana irin su Brave da Mojeek. Yahoo na Japan, wanda mutanen Japan da yawa suke ɗauka nasu ne, fasahar binciken Google yake amfani da ita tun daga yarjejeniyar 2010. DuckDuckGo yana dogara ƙwarai da Bing. Ecosia na Jamus, wanda yake kashe ribarsa wajen dasa itatuwa, daga Bing da Google yake samun yawancin sakamakonsa, kuma wannan dogaro ne ya sa shi da Qwant na Faransa suka sanar a watan Nuwamban 2024 cewa za su haɗa hannu su gina fihirisa ta Turai. Wanda ya canza zuwa irin waɗannan injuna yana iya samun wani amfani na gaske, kamar rage bibiyar da ake yi masa ko tallafa wa wata manufa, amma kada ya yi tsammanin zai ga shafukan da manyan injunan ba su gani ba.

Kada kuma a ɗauka cewa na gida kullum shi ne mai gaskiya. Injin da ke cikin ƙasa yana ƙarƙashin dokar ƙasar da matsin gwamnatinta ta hanyar da na waje ba ya ciki. Dokar Rasha ta tilasta wa injunan bincike su cire shafukan da hukumar sa ido kan sadarwa ta haramta, kuma bayan mamaye Ukraine a 2022 an zargi sashen labaran Yandex da fifita kafofin da gwamnati ta yarda da su. A watan Maris na 2022 Mozilla ta cire Yandex daga jerin injunan Firefox, alhali ita ce a 2014 ta mai da shi injin farko ga masu amfani da ita a Rasha, a lokacin da ta ba Baidu China ta kuma ba Yahoo Amurka. Yandex ya sayar da sashen labaran ga VK, kamfanin sada zumunta na Rasha, a 2022, sannan a watan Yulin 2024 uwar kamfanin da ke Holan ta sayar da harkokinta na Rasha ga masu zuba jari na cikin gida. A China, a 2016, mutuwar wani ɗalibi mai fama da cutar daji, wanda ya je wani asibiti bayan ya ga tallarsa a saman sakamakon Baidu, ta tayar da ƙura har hukumomi suka tilasta wa kamfanin ya rage tallace-tallace ya kuma bambanta su da sakamako na gaskiya. A Koriya ta Kudu hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ci Naver tarar won biliyan 26.7 a 2020 bisa zargin ya karkata tsarin bincikensa don fifita kasuwarsa da bidiyonsa, kamfanin kuma ya ƙalubalanci hukuncin a kotu. Halin da ake zargin Google da shi a duniya, shi ake zargin waɗannan da shi a gidajensu, domin jarabar ɗaya ce ga duk wanda ya riƙe ƙofar da jama'a suke bi.

Ta fuskar aiki, burauzoji ba su ba da 'yanci iri ɗaya ba. A Chrome ta kwamfuta, a sashen injin bincike na cikin saituna, akwai ɗan gajeren jeri da ke canzawa gwargwadon ƙasar da aka saita na'urar, shi ya sa wanda ke Seoul zai ga Naver da Daum, wanda ke Prague ya ga Seznam, wanda ke Kano ko Maraɗi kuwa ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma ana iya ƙara injin da babu shi a jerin da hannu: a ba shi suna, a ba shi gajeriyar kalmar kira, a rubuta adireshin bincikensa tare da alamar %s a daidai wurin da kalmomin tambaya za su shiga. A Chrome ta Android babu wannan fili na rubuta adireshi. Sai dai idan mutum ya ziyarci shafin injin ya yi bincike a cikinsa, sau da yawa yakan bayyana a ƙasan jerin a matsayin wanda aka ziyarta kwanan nan. Firefox ta fi sassauci, har a waya tana barin a ƙara injin da aka ga dama. Safari ce ta fi tsauri: jerin da Apple ya tsara shi ke nan, Google da Yahoo da Bing da DuckDuckGo da Ecosia, sai kuma irin su Yandex ko Baidu da ke fitowa gwargwadon yanki ko harshen na'urar. Akwai wani tarko da yake rikita mutane da yawa a Android: layin binciken nan da ke kan fuskar allo na manhajar Google ne, ba na burauza ba, don haka ko an canza saitin Chrome, duk abin da aka rubuta a wancan layi Google zai tafi. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na Shenzhen yake ƙerawa, sukan zo da wata burauza bayan Chrome, kuma kowace burauza da nata saitin, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wani ruɗanin kuma shi ne ɗaukar reshen Google na ƙasa a matsayin injin gida. A da, wanda ya buɗe adireshin Google na Najeriya yakan ga sakamako dabam da wanda ya buɗe na Ingila. Tun watan Oktoban 2017 kamfanin ya daina dogara da adireshin, ya koma duba inda mai binciken yake, don haka wanda ke Zariya zai ga sakamakon Najeriya ko da wane adireshin ya rubuta. Wanda yake son sakamakon wata ƙasa, sai ya canza yanki a cikin saitunan binciken kansa. Haka nan mai da fuskar Google zuwa Hausa, wanda ake iya yi, yana canza rubutun maɓallai ne da umarni, ba ya ƙara ko shafi ɗaya na Hausa a fihirisar.

A nan ne batun ya taɓo mai karatun Hausa. Masu magana da Hausa sun ninka al'ummar Jamhuriyar Czech sau da yawa, don haka ƙarancin mutane ba shi ne cikas ba. Matsalar rubutu tana nan irin wadda Yandex ya warware wa Rashanci, ko da yake da wata siffa: mutum ɗaya zai rubuta ƙasa da ƙugiya, wani ya rubuta kasa, wani ya sa alamar waƙafi a bayan harafin, kuma Najeriya da Nijar ba su ma daidaita a kan yadda ake rubuta 'ya'ya ba, tunda a Nijar harafin ƴ ake amfani da shi. Jam'in Hausa yakan canza cikin kalma, kamar gida da gidaje ko birni da birane, wanda injin da bai san harshen ba zai ɗauka kalmomi ne marasa dangantaka. Rubutun ajami kuwa yawancinsa yana kan takarda ko a hoto, inda injin ba ya iya karantawa. Cốc Cốc na Vietnam, wanda ya fito a 2013, da irin wannan ya jawo mutane, domin yana taimaka wa masu rubuta harshensu ba tare da alamomin sauti ba.

Amma matsalar da ta fi girma irin ta Koriya ce a farkon lamarinta. Ilimi da labari da muhawara da Hausa suna da yawa ƙwarai, sai dai mafi yawansu da baki ake yin su: a rediyo, a karatun malamai da ake ɗauka a bidiyo, a saƙon murya na WhatsApp, a TikTok da YouTube. Rubutun da ake yi ma, ciki har da littattafan marubuta da ake rabawa babi bayan babi, kaso mai yawa yana cikin rufaffun zaurukan WhatsApp da Facebook, inda manhaja mai yawo ba ta da izinin shiga. Abin da ya rage a fili shi ne shafukan kafofin labarai irin su BBC Hausa, da DW, da RFI, da Aminiya, da Premium Times Hausa, da TRT Afrika, sai Wikipedia ta Hausa da wasu shafuka na ɗaiɗaikun mutane. Wannan ya wadatar ga mai neman labarin siyasa ko wasanni, amma mai neman bayani da Hausa a kan takin da ya dace da gero, ko yadda ake rajistar kamfani, ko illar wani magani, sau da yawa sai injin ya tura shi shafin Turanci ko ya ba shi fassarar na'ura. Ko da wani ya gina injin bincike a Kano gobe, wannan fihirisa ce zai tarar, kuma dole ya fuskanci tambayar da Naver ya fuskanta ta yadda za a sa mutane su rubuta, tare da tambayar da ke bayanta ta ko akwai masu talla da za su biya don isa ga mai bincike da Hausa.

Abin da mai karatu zai iya yi a yanzu da kayan da ke hannunsa shi ne ya yi amfani da wannan filin na ƙara injin don taƙaita bincike a wuraren da ya san akwai Hausa. Wikipedia ta Hausa tana da nata akwatin bincike, kuma ana iya shigar da adireshinsa, wato ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s, a Chrome ta kwamfuta ko a Firefox, a ba shi gajeriyar kalmar kira, ta yadda tambaya za ta tafi can kai tsaye ba tare da ta bi ta wani kamfani ba. Haka za a iya yi wa kowane shafin labarai mai akwatin bincike. A cikin Google ko Bing kuma, rubuta site: haɗe da adireshin shafi kafin kalmomin tambaya yana tsare sakamakon a wannan shafi kaɗai, kuma yana da kyau a gwada kalmar sau biyu, da ƙugiya da kuma babu ita, domin marubutan shafukan kansu ba su bin ƙa'ida ɗaya.